Ranar da Oga Guguwa Ya Ɗaure Bakin Alhaji

"Ni fa, Nazeefa, yanzu babu matsalar da za ta gagare ni a duniyar nan. Ki ba ni allo, ki ba ni mutane masu baki, ki koma gefe ki sha kallo. Wallahi da ina cikin gwamnati, da cunkoson Nyanya ya daɗe da zama tarihi!"

Ka ji shi fa, wai da yana cikin gwamnati. To, a gwamnatin yake aiki, ɗan'uwa. Aminullahi ke nan, ƙaramin jami'i a wata ma'aikatar tarayya a nan Abuja, mai ɗaki ɗaya a Jikwoyi, mai takalmi mai tsini da muryar shugaban taro. Abin da ya kumbura masa kai bai wuce wata bita da aka tura shi a wani otal ba, ita ma don wanda aka zaɓa tun farko ciwon haƙori ya kwantar da shi. Gogan ya je ya ci kaji, ya sha sanyin na'ura, ya dawo da satifiket da jaka da usur na roba, da wata kalma guda da ba ta barin bakinsa: birenstomin. In ka ce ya fassara maka, sai ya gyara wuyan riga ya ce, "guguwar ƙwaƙwalwa." Kafin wata ya mutu, daga masinja har darakta kowa Oga Guguwa yake kiransa. Shi kuwa yana amsawa da murmushi, a zatonsa sarauta aka ba shi.

Dabarar kanta, tsakani da Allah, ba ta da laifi. A tara mutane a kan matsala. A zagayen farko kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa, mai kyau da na hauka, a rubuta a allo, kada wanda ya kushe wa wani. A zagaye na biyu sai a zauna a tace, a liƙa wa shawarar da aka ɗauka koriyar sitika, wadda aka yi watsi da ita ja. A ofishinsu abin ya tafi lafiya lau, don a can duk abin da aka faɗa a taro a ɗakin taron yake kwana. An yi guguwa a kan famfon bayi da ke zuba, an cika allo da shawarwari, an tafa, an watse. Famfon yana nan yana zuba har yau, kuma ba wanda ya ji ciwo.

Abu ɗaya ne ke hana Oga Guguwa barci, shi ne Nazeefa. Yana son yarinyar nan kamar ya haɗiye ta, ita ma ba ta ƙi shi ba. Manya sun je an yi gaisuwa, amma sa rana ta tsaya cik, don mahaifinta, Alhaji Bello, babban dilan ayaba a kasuwar Zuba, ya ce shi bai san aikin da yaron yake yi ba. "Kullum taro, kullum taro. Ya zo kasuwa in gan shi da idona."

Saƙon da Nazeefa ta kira ta ba shi ke nan a waya, shi kuma ya tare ta da waccan cika bakin.

"Na ji," in ji ta. "Amma don Allah ka saurara. Baba yana da wata ɗabi'a. In ka yi magana ka ga ya yi shiru..."

"Shiru? Madalla! Ai a bita an gaya mana, babban abin da ke kashe tunani shi ne bakin oga. Baba ɗan zamani ne bai sani ba."

"Ba haka nake nufi ba, shirun nasa..."

"Nazeefa, ki fara zaɓen anko."

Ya kashe waya. Kaico! Da ya bari ta ƙarasa, da yau ba ni da labarin da zan ba ka.

Bari ni in ƙarasa maka. Alhaji Bello mutum ne mai tsadar baki. Tun da ya baro Katsina ya kafa rumfa a Zuba, babu mahalukin da ya taɓa jin ya ce "to". Kalma ɗaya yake yawo da ita: a'a. In ka kawo masa magana bai so ba, kafin ka rufe baki ya jefa maka ita. In kuwa ya yi shiru, an gama, ka ruga ka aikata. Wanda ya tsaya jiran ƙarin bayani sai ya ji, "Sai na rera maka da waƙa?" Kuma mutanensa ba sa tuhumar shirun nan ko da abin ya yi kama da hauka. Akwai shekarar da wani ya kawo shawarar a saye wata ɗanyar ayaba kore shar da kowa ya ƙi, Alhaji ya yi shiru, aka saya ana gunaguni. Sai ruwa ya yanke hanyar kudu, ya zama duk Zuba shi kaɗai ke da kaya. Tun daga ranar, in Alhaji ya yi shiru a kan a zuba ayaba a rijiya, guga kawai za a nema.

Ɗabi'arsa ta biyu kuma, in ya yi alkawari, ko gini zai faɗo masa ba ya tashi.

Ranar Asabar da safe Oga Guguwa ya keto Abuja tun daga Jikwoyi, da allo mai ƙafa uku ya leƙo ta tagar motar haya, fasinja suna ta tsine masa. Ya sauka a Zuba ya ratsa tulin kankana da abarba yana ɗage ƙafar wando, har rumfar Alhaji. Ya tarar da wurin ba daɗi. Babbar motar ayaba da ake jira daga jihar Edo, can kudu, ta lalace a hanya, ta yi kwanaki a rana, sai yau ta iso. An ɗaga tamfol, ga ayaba ta nuna gaba ɗaya, rawaya shar da ɗigon baƙi, ƙamshi har titi. In ba a rabu da ita yau ba, gobe sai awaki.

Alhaji yana zaune a kan benci da baƙin tabarau, don kwanan nan aka yi masa aikin ido. Waya na hannunsa, yana shirin kiran kwastomominsa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya saba in irin haka ta faru. Aminullahi ya durƙusa ya gaishe shi, ya dubi motar, zuciyarsa ta yi fari ƙal. Ga matsala har gida!

"Baba, Allah ne ya kawo ni yau. Don girman Allah ajiye wayar nan. In ka ba ni dama, kafin shayi ya huce zan samo maka dabarun sayar da ayabar nan da ba a taɓa ji ba a Zuba."

Alhaji ya karkata tabarau wajensa. Shi ya ce yaron ya zo ya gan shi, ga shi kuma ya zo. Ya yi shiru.

Gogan ya ja shi cikin sito su biyu, ya rage murya. "Baba, sharaɗi ɗaya ne, kuma sirri ne tsakanina da kai, don in yaranka suka sani ba za su saki jiki ba. Daga lokacin da muka fara har in busa wannan usur, ba za ka ce uffan ba. Ba a'a, ba girgiza kai, ba tsaki, ba tashi daga kujera. Ka yi mini alkawari."

"Kafin shayi ya huce, ka ce?"

"Ko ɗumi ba zai rage ba... wato, zai rage, Baba."

"Na yi alkawari."

Shi ke nan, an ɗaure zaki da zaren ɗinki.

Aka kafa allo a cikin sito. Aka kira Lukmanu, ƙanin Alhaji, mai kula da 'yan dako. Aka kira Godfrey, direban motar, wanda idonsa ya yi ja don gajiya. Aka haɗa da Madam Kindness, wata kwastoma mai sarin ayaba tana kaiwa Nyanya, wadda ta zo da bahonta tun asuba. Oga Guguwa ya zaga da kwando ya karɓe wayar kowa, har ta Alhaji, ya rufe da buhu, ya tura ƙarƙashin benci. Ya raba wa kowa sitika, kore da ja, ya ce a adana sai an jima. Sannan ya rataya usur a wuya ya buɗe maka, alƙalamin rubutu a allo, da haƙori.

"Jama'a, tambayarmu ita ce: yaya za mu rabu da ayabar nan yau? Kowa ya faɗi abin da ya zo masa. Babu shawarar banza. Wadda ta fi hauka ma ita muka fi so!"

Lukmanu yana kallon ƙasa, Godfrey yana kallon rufi.

"Haba! Madam, ke fa? Kada ki ji tsoron kowa."

Madam Kindness ta gyara ɗaurin zani ta yi dariya. "To, ni dai, Oga, in na faɗa nawa, a ba mutane su ɗanɗana kyauta. Kowa ya ci, ya ji yana da zaƙi, sai ya saya."

"Allahu Akbar! Ɗanɗano kyauta!" Ya rubuta da manyan baƙaƙe.

Duk idanu suka juya kan Alhaji. Madam ta ma ɗan noƙe kai, tana jiran a'ar da ta saba sha. Ba ta zo ba. Baƙin tabarau yana kallon gaba, leɓe a rufe, carbi ne kawai ke tafiya a hannu. Madam ta dubi Lukmanu, Lukmanu ya ɗaga mata gira. Ta miƙe ta suri bahonta.

"Ina zuwa, Oga."

"Je ki, Madam, je ki. Tattaki ma yana buɗe ƙwaƙwalwa, an gaya mana."

Ba a jima ba aka ji muryarta a waje, murya irin ta wadda ta yi shekaru tana talla a tasha. Sai hayaniya ta biyo baya, da gudun ƙafafu. Oga Guguwa ya yi tsaki ya rufe ƙofar sito. "Kasuwa ba ta san darajar tunani ba," in ji shi. "Baffa Lukmanu, kai muke jira."

Yanzu shi Lukmanu akwai abin da ke cin ransa. Mutum ne mai shawara tun yana yaro, kuma tun yana yaro babu wadda ta taɓa wuce yayansa. Ya ce a sayi firij, a'a. Ya ce a yi wa rumfa fenti, a'a. Har ya haƙura ya zama mai cewa "yadda ka ce, Yaya." Yau ga shi da idonsa ya ga shawarar Madam ta wuce salin alin. Ya share gumi, ya gyara zama.

"Ni a ganina... ɓawon ne ke korar mutane. Baƙin ɗigon nan. Amma cikinta lafiya lau. Da za a ɓare ta, a shimfiɗa a tabarma, kowa ya ga cikinta fari tas..."

"Tsaya! Kada ka ƙara komai, kada ka ɓata ta!" Oga Guguwa ya rubuta yana rawar kafaɗa. "A tuɓe wa ayaba riga! Baffa, ina ka ɓoye wannan kan duk shekarun nan?"

Lukmanu ya juya a hankali ya dubi yayansa. Shiru. Ya ƙara jira, don shi bai yarda ba. Shiru dai. Wallahi sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya miƙe yana gyara hula, ya ce, "Bari in ɗan zaga," ya fita da saurin da ba a san yana da shi ba. Daga waje aka jiyo shi yana kiran 'yan dako da sunayensu.

A nan ne Alhaji ya ɗaga ƙafarsa, da takalmin fata mai nauyi, ya sauke ta a kan tsinin takalmin Aminullahi, ya murza. Alkawari bai hana taka ƙafa ba. Gogan ya ji zafi har ƙeya, amma ya sunkuya ya raɗa masa, "Na gane, Baba, ni ma daɗin ya kama ni. Ka daure, yanzu aka fara."

Shayi kam da an zuba, da tuni ya yi sanyin randa. Kwandon da ke ƙarƙashin benci sai kuka yake, wannan waya ta yi shiru waccan ta ɗauka. Duk kwastomomin da suka ji labarin mota ta iso ne ke nema. Oga Guguwa ya ƙara jibga wa kwandon buhu.

Sai aka turo ƙofa. Wani mutum ne mai ƙiba da makullin mota a hannu, Badaruddeen, mai gidajen burodi da lemon kwalba a cikin gari. Shi nunanniyar ayaba ce ma abin nemansa.

"Salamu alaikum. Alhaji, na kira har wayata ta yi zafi! Me ke faruwa a waje haka? Kai, bar wannan ma. In kaya na nan, ni zan kwashe abin da ya rage gaba ɗaya, yanzu, motocina na bakin hanya."

Ka ga, ɗan'uwa, da Oga Guguwa ya bi dokarsa ta kansa, ya rubuta ya yi shiru, da Allah ya rufa asiri. Alhaji zai yi shiru, Godfrey zai fita ya buɗe mota, a wuce wurin. Amma ina! A gaban surukinsa wani mai tumbi zai shigo ya kashe taro da magana ɗaya? To ina amfanin allon? Ya sha gaban mutumin ya buɗe hannuwa.

"A'a, ranka ya daɗe. A'a. Sayar wa mai saye? Wannan ai tsohon tunani ne, kakanninmu ma haka suka yi. Mu nan sabon abu muke nema."

Badaruddeen ya leƙa ta kafaɗarsa. "Alhaji, da yawunka yaron nan yake magana?"

Carbin Alhaji ya tsinke. 'Ya'yan suka watse a ƙasa suna tsalle. Amma bakin nan bai buɗe ba.

"To, shi ke nan. Allah ya ba da kasuwa." Badaruddeen ya juya ya fita, ya nufi rumfar maƙwabci.

Duk ranar nan shawara ɗaya ce mai hankali ta shigo sito, kuma ita kaɗai ce aka ce wa a'a.

Madam Kindness ta dawo tana tauna, Lukmanu ya dawo hannunsa na danƙo, fuskarsa na annuri. Oga Guguwa ya duba allo ya ga shawara biyu kacal, ga fili fari fetal a ƙasa. Abin kunya! Sai ya tuna da makamin ƙarshe da aka koya musu ranar rufe bita, bayan an ci abinci.

"Yanzu za mu juya tunani a bai-bai. Wannan sai manyan ƙwararru. Maimakon mu ce yaya za a sayar, sai mu ce: me za mu yi don kada a sayar da ko guda ɗaya? In mun samu amsa, sai mu kifa ta, mu ga gaskiya a ƙarƙashi. Oga direba, tun ɗazu ba ka ce komai ba."

Godfrey bai ji rabin bayanin ba, don gyangyaɗi yake. Abin da ya sani shi ne an tambaye shi, kuma yau duk wanda ya yi magana a ɗakin nan sai ya ga Alhaji ya amince. Ya murza ido.

"Oga, ni ban san turanci da yawa ba. Amma in ba a so a sayar, sai a maida shi inda aka ɗauko shi."

"Kai! Kai! Kai! A mayar da ita Edo! Jama'a, ku tafa masa!"

Aka tafa. Godfrey ya dubi Alhaji da fargaba, don shi ko wanka bai yi ba, ga hanyar nan mai cin rai. Ya roƙi Allah a zuciyarsa ya ji a'a. Ya jira, ya ƙara jira. Gumi na zuba daga ƙarƙashin hular Alhaji, jijiyar wuyansa ta miƙe, amma ko tari bai yi ba. Godfrey ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauki tawul ɗinsa ya saɓa a kafaɗa.

"Aikin Oga Alhaji sai haƙuri," ya ce, ya fita.

Oga Guguwa yana tsakiyar bayanin yadda ake kifa shawara sai ƙasa ta ɗan girgiza. Wata babbar mota ta yi gurnani a waje, ta yi hon mai tsawo, ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace.

"Kun ji ko? Ko mota sai an ba ta wuta take tashi. Haka ƙwaƙwalwa take." Ya duba agogo, ya gyara tsayuwa. "To, alhamdu lillahi. Mun kammala zagayen farko cikin nasara. Yanzu an buɗe zagaye na biyu, kowa yana da 'yancin ya soki abin da bai yi masa ba."

Ya sa usur a baki ya busa, fiiit!

Alhaji Bello ya miƙe. Bai dubi kowa ba. Ya taka 'ya'yan carbi ya buɗe ƙofar sito, sauran suka biyo shi, Oga Guguwa a baya da maka a hannu yana cewa, "Baba, ba a tashi ba tukuna, saura zaɓe."

Inda motar take ɗazu babu komai sai baƙin mai da ya ɗiga a ƙasa. Gefe guda ɓawon ayaba ne tuli, ya kai ƙugun mutum. Gaban rumfa kuwa tabarmi ne a jere, an shimfiɗa ayaba tsirara, ta fara yin ruwa a rana, ƙudajen Zuba kaf sun hallara har da na Suleja. 'Yan dako na zaune sun riƙe ciki. Masu ɗanɗano ba su watse ba, 'yan acaba, 'yan kamasho, fasinjan Kaduna da suka sauko daga mota, wasu ma da leda suka zo ɗanɗanon. Suna ganin Alhaji suka ɗauki sowa.

"Allah ya saka da alheri, Alhaji!"

Wani dattijo ya kama hannunsa da hannu biyu. "Alhaji, wace kujera za ka tsaya? Wallahi ƙuri'ata taka ce."

Can a rumfar maƙwabci, ana loda wa motocin Badaruddeen ayaba.

Maganar farko da ta fito daga bakin Alhaji a hankali ta fito. "Lukmanu. Kira Godfrey ya juyo."

Lukmanu ya ari wayar wani ɗan dako ya danna lamba. Kowa ya kasa kunne. Daga cikin sito, daga ƙarƙashin benci, daga ƙarƙashin buhu, wata waƙar coci ta fara tashi a hankali.

Sai a lokacin Oga Guguwa ya farga. Ya dubi tabarmi, ya dubi gurbin mota, ya dubi allonsa ta ƙofa, ya ga abin da ya rubuta shi ne a shimfiɗe a ƙasa, layi bayan layi.

"Wai... wai aikatawa kuka yi? Wa ya ce ku aikata? Shawara ce fa! Shawara ai rubutawa ake yi! Mu a ofis..."

"Yaya bai ce a'a ba," in ji Lukmanu.

"To, ai bai ce to ba!"

"Yaya ba ya cewa to. In ya yi shiru, ya amince ke nan. Kowa ya sani. Nazeefa ba ta gaya maka ba?"

Wani mai hankali, a nan zai zube ƙasa ya kama ƙafar Alhaji ya yi ta ba da haƙuri. Amma mutuminka ƙwaƙwalwarsa ba irin tamu ba ce. Maganar Lukmanu tana shiga kunnensa sai wata fitila ta kama a kansa. In Alhaji ya yi shiru, ya amince? Ashe duk tsawon zaman nan makullin gidan aure na hannunsa, ya tsaya yana rubuta ɓawon ayaba! Ya yi wuf ya ɓoye usur cikin riga, ya durƙusa a gaban Alhaji, a kan wani ɓawo, sai da ya dafa ƙasa.

"Baba, an samu ɗan kuskure. Zagayen farko bai ƙare ba, saura shawara ɗaya, tawa. Alkawari na nan, ka tuna." Ya ja numfashi ya zubo ta a guje, kada a tare shi. "Shawarata a sa ranar aurena da Nazeefa watan gobe!"

Alhaji ya yi shiru.

Shirun ya yi tsawo. Aminullahi ya ji zuciyarsa na rawa. Ya ga kansa da babbar riga, ya ga 'yan ofis suna layin gaisuwa, har ya ɗaga hannuwa sama ya fara, "Alhamdu..."

Ashe iska Alhaji yake tarawa.

"A'A!"

Duk a'ar da aka hana shi tun safe, ta ɗanɗano, ta ɓawo, ta Badaruddeen, ta Edo, a cikin wannan guda ɗaya suka fito. Ƙudaje suka tashi gaba ɗaya suka sake sauka. Wani mai baro ya saki baronsa. An ce har a kan titin Kaduna sai da wani direba ya taka birki.

"Ka busa abin nan ko ba ka busa ba?"

"Na... na ɗan busa, Baba."

"To."

Lukmanu ya dafe ƙirji. Bai taɓa jin kalmar a bakin yayansa ba sai yau.

Alhaji ya sa hannu a aljihu ya zaro 'yar takardar sitikar da aka ba shi. Ya kawo ta kusa da tabarau ya juya ta. "Wannan koriyar, ta mece ce ka ce?"

"Ta shawarar da aka ɗauka, Baba."

"Jar fa?"

Muryar Oga Guguwa ta koma kamar ta ɗan tsako. "Ta wadda aka yi watsi da ita."

Alhaji ya ɓanɓaro jar a tsanake, ya sunkuya, ya liƙa ta a tsakiyar goshin Aminullahi, ya danna da babban yatsa don ta zauna sosai. Ya koma bencinsa ya zauna.

Madam Kindness ta duba tafin hannunta, ta ga tata jar na nan. Lukmanu ma ya laluba aljihu ya samu tasa, har da ragowar fakitin sitikar da ya ɗauko daga kan allo, wanda zai ishi 'yan dako da masu ɗanɗano baki ɗaya. Ya matso kusa da benci cikin ladabi.

"Yaya, mu ma mu liƙa namu?"

Aminullahi ya ɗaga kai ya zuba wa bakin Alhaji ido, yana roƙon kalmar nan guda ɗaya da duk zuciyarsa.

Alhaji ya yi shiru.